Ciyawa a tsakanin masarar sailej: gyaran ƙasa ne ko raba wa masara abincinta?

Abu Hafsat (Giwa): Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma da makiyaya. Ina da matsala da nake son a taya ni dubawa kafin damina ta sauka. Ina da shanun madara tara, ruwa-biyu ne na bunaji da Firiziyan, kuma shekara uku ke nan ina noma masara a hekta biyu don sailej, wato in sare ta ɗanya da ganye da kara da zangarniya, in daddatsa, in danne a rami in rufe da leda har rani. Shekarar farko masarar ta fi ni tsawo. Bara kuwa, da taki iri ɗaya, ko kafaɗata ba ta kai ba a gefen gabas, ƙasar ta yi fari ta yi tauri, in an yi ruwa sai ya bi kwari ya tafi. Wuta-wuta ma ta fara leƙowa. Wani ya ce in riƙa shuka ciyawar kiwo a tsakanin kunyoyi, wai tana gyara ƙasa kuma tana ƙara yawan abin da zan zuba a rami. Wanda ya taɓa gwadawa don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Alhaji Mai Masara (Saminaka): Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka yarda. Shekara talatin ina noman masara, kuma duk kuɗin da muke kashewa a noma da feshi don a raba masara da ciyawa ne. Yanzu kai da hannunka za ka kai mata kishiya? Takin da ka saya da tsada su biyu za su raba. Ƙara buhu biyu na yuriya kawai, magana ta ƙare.

Malamin Gona (Zariya): Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarka tana kan hanya ga mai noman ƙwaya, amma gonar Abu Hafsat daban take da taka. Kai in ka karya masara, kara da ganye suna zama a gona, ko dabbobi su ci a wurin su bar kashi. Shi kuwa yana kwashe komai tun daga gindi, ba ya barin ko tsinke. Sinadarin fotash, wanda mafi yawansa a kara da ganye yake zama, duk yana bin mota zuwa rami. Yuriya ba ta mayar da wannan. Sannan ku duba lokaci. A yankinmu ana shuka a Yuni, masarar sailej tana kaiwa yanka wajen kwana casa'in, wato cikin Satumba. Ruwa kuma sai cikin Oktoba yake ɗaukewa. Ke nan kusan wata guda ƙasa tana tsirara ruwa yana dukanta, daga nan rana da iskar hunturu su karɓa har wata shida ko bakwai. Abin da ya gajiyar da gonar ke nan. Ciyawar da ake magana, babban aikinta ta cike wannan giɓin ne.

Abu Hafsat (Giwa): Wallahi Malam kamar ka je gonar. A watan tara in na waiwaya bayan an gama yanka, fili ne fetal kamar filin idi.

Malamin Gona (Zariya): To kafin a ci gaba, kashin shanun nan tara ina yake zuwa?

Abu Hafsat (Giwa): Masu lambu suke saye, da kuɗin nake rage kuɗin dusa.

Malamin Gona (Zariya): Ka ga inda ƙarfin gonarka yake tafiya. Daga gona zuwa rami, daga rami zuwa cikin saniya, daga nan zuwa lambun wani. Ko wace irin ciyawa ka shuka, in takin nan bai dawo ba, gyaran rabi ne.

Ɗan Samaru: Salam. Ina karatun kimiyyar dabbobi, bari in ƙara da abin da na sani. Abin da aka ba Abu Hafsat shawara ba ƙirƙira ba ce, a Brazil an daɗe ana yi. Hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, ta fito da tsarin da ake kira Santa Fe wajen shekarar 2000, a jihar Goyas. Suna shuka masara ko dawa tare da ciyawar brakiyariya a fili ɗaya. Dabarar ita ce a hana ciyawar tashi da wuri: sukan gauraya irinta da taki a binne shi ya fi irin masara zurfi, sai masara ta riga ta fitowa ta yi mata inuwa. Ciyawar tana nan a ƙasa a takure har ranar da aka cire masara, rana ta sauka a kanta, sai ta miƙe ta rufe fili. Shanu su yi kiwo a kai da rani, saiwarta kuma ta riƙe ƙasa ta buɗe ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne brakiyariyar nan asalinta daga Afirka aka kai ta can.

Alhaji Mai Masara (Saminaka): Yaro, su da injuna suke auna zurfin iri. Mu nan yara ne ke bin kunya da dunduniya. Wa zai auna maka santimita?

Ɗan Samaru: Gaskiya ne Baba. Amma abin da suke yi da zurfi mu za mu iya yi da jinkiri. A bari masara ta yi sati uku ko huɗu, ta kai gwiwa, sannan a watsa irin ciyawar a kwarin kunya bayan noma na biyu.

Malamin Gona (Zariya): Nan ne zan ɗan bambanta da Ɗan Samaru. Ciyawa da masara dangi ɗaya ne, abinci ɗaya suke nema, musamman naitirojin. A ƙasar da ta riga ta gaji irin wannan, ni ba zan fara da ciyawa a cikin kunya ba, da dangin wake zan fara. Lablab nake nufi. Yana da ƙulle-ƙulle a saiwarsa da ke jawo naitirojin daga iska, kamar wake da gyaɗa, kuma ganyensa yana gyara sailej ɗin kansa. Sailej na masara zalla furotin ɗinsa bai cika wuce kashi bakwai zuwa takwas cikin ɗari ba, shi ya sa mai shanun madara yake ta sayen ƙulin auduga da dusa. Ganyen lablab ya ninka haka. A NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, an daɗe ana aiki a kansa, nau'i biyu aka fi sani, Rongai mai farin fure da Highworth mai fure ruwan shunayya da baƙin iri. Rongai ba ya saurin fure, don haka yana daɗewa da ɗanyen ganye bayan ruwa ya ɗauke. Kuma wannan ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu gero da wake suke haɗawa, dawa da gyaɗa a gicci. Sabon abin kawai shi ne za a yanka su tare a zuba a rami.

Ummu Khalil (Kumbotso): Assalamu alaikum. Malam, bari in sa baki a kan lablab ɗin nan domin ya taɓa sa ni hawaye. Ina kiwon raguna don Babbar Sallah, ina da 'yar gona rabin eka. Shekara biyu da suka wuce na shuka masara, yaron da ke mini feshi ya fesa atirazin, maganin kashe ciyawa, kamar yadda ya saba, bayan sati biyu na bi da lablab. Ya tsiro kyakkyawa, ganye biyu suka buɗe, kwana kaɗan sai gefen ganyen ya yi rawaya, ya ƙone, ya kwanta. Layi bayan layi, ban tsira da ko gindi hamsin ba. Na zaci irin ne marar kyau, har na koma na yi wa mai shagon faɗa, daga baya na gane maganin ne yake zaune a ƙasa yana jiran duk wani mai faɗin ganye. Duk wanda zai haɗa masara da dangin wake ya manta da atirazin a wannan filin, ya shirya kuɗin noman hannu.

Malamin Gona (Zariya): Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan gargaɗin ya fi duk abin da na rubuta amfani. Shi ne babban abin da ke karya mutane a shekarar farko.

Alhaji Mai Masara (Saminaka): To kun gani. Hekta biyu noman hannu sau biyu, ku lissafa kuɗin 'yan ƙwadago a bana. Ribar da lablab zai kawo ta biya wannan?

Abu Hafsat (Giwa): Tambayar Alhaji tana da nauyi, ni ma ita ce a raina.

Ummu Khalil (Kumbotso): Ni dai a tawa 'yar gonar ta biya. Bara na sake yi ba magani, noma ɗaya na yi sosai, na biyu tsince-tsince ne kawai, domin da lablab ya yaɗu ya rufe kwari ciyawa ba ta samu rana ba. Amma rabin eka ba hekta biyu ba ce, ba zan ce lissafina naka ne ba. Abin da zan faɗa da tabbaci shi ne yadda sailej ɗin ya fito. Ni a durom na roba nake yi, masu murfi da zobe. Durom na farko na cika lablab da yawa, kusan rabi da rabi, kuma da safe aka yanka da raɓa a jiki. Da na buɗe bayan wata guda, wari ya buge ni kamar man shanun da ya lalace, ya yi baƙi ya yi yauƙi, ragunan suka shinshina suka juya. Sauran kuwa, da na bar lablab ɗin ya sha rana rabin yini ya yi laushi, na sa kashi ɗaya nasa kashi uku masara, launinsu ya fito kore mai ratsin rawaya, ƙamshinsu tsami-tsami kamar ƙullun koko da ya kwana. Har faɗa suke yi a kan kwano.

Ɗan Samaru: Dalilin a fili yake, Hajiya. Tsamin da ke adana sailej daga zaƙin da ke cikin masara yake fitowa, ƙwayoyin halitta ne ke juya shi. Dangin wake ba su da zaƙi sosai, kuma suna hana tsamin sauka da sauri. In suka yi yawa ko ruwa ya yi yawa, sai ruɓa ta riga tsami. Mai son ya sa da yawa sai ya yayyafa ruwan molasis, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura in an yi sukari. Gwajin danshi kuma mai sauƙi ne: ka damƙi yankakken a hannu ka matse, in ruwa ya ɗiga ya yi ɗanye da yawa, in ka buɗe hannu ya tsaya a dunƙule ya warware a hankali, ya yi.

Baffa Ardo (Ladduga): Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini. Na ji duk bayananku kuma akwai ilimi a ciki, amma ba wanda ya ambaci shinge. Ina saurayi a shekarun 1980 lokacin da mutanen ILCA, cibiyar binciken kiwo ta Afirka, suka zo yankin Kachiya da abin da suka kira bankin ciyawa. Fili ne kamar hekta huɗu kusa da ruga, a sa shanu su kwana a kai su tattake shi su zuba taki, a watsa irin sitailo, wani ganyen kiwo dangin wake, a kewaye da waya. Da rani sai a saki masu ciki da masu shayarwa su ci na awa biyu ko uku su fito. Na ga amfaninsa da idona, shanun da a da sai an ɗaga su da itace a bazara suka riƙa tashi da kansu. Kuma duk inda aka noma hatsi a bayan sitailo, ya fi na gefensa kyau. Namu abin da ya kashe shi waya ce da wuta. Waya ta tsinke ba kuɗin gyara, wata shekara gobarar daji ta shiga ta cinye. Ɗana Abu Hafsat, in gonarka ta zama ita kaɗai ce kore a watan Nuwamba, bayan kowa ya kwashe amfaninsa an saki dabbobi, duk akuyar ƙauyenku da duk garken da ke wucewa wurinka za su nufa. A al'ada bayan girbi gona ta kowa ce. In ba ka kewaye ba, kuma ba ka je ka gaya wa mai unguwa da ardon yankinku tun da wuri ba, abin da ka shuka don gyaran ƙasa zai jawo maka rigima da maƙwabta.

Abu Hafsat (Giwa): Baffa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ban kawo wannan a raina ba ko kaɗan. Gefe biyu na gonar akwai waya, gefe biyu a buɗe suke.

Baffa Ardo (Ladduga): To fara da gefen da ke da waya, ka ƙarasa kewaye ɗan abin da za ka iya tsarewa.

Ɗan Maraɗi: Salam alaikum jama'a. Ina bin zancen daga Nijar. Mu nan ruwanmu wajen milimita 500 ne a shekara, rabin na Zariya, masara sai a fadama ko Gulbi. Don haka wanda ke arewa kar ya ɗauki wannan tsari ya kai tudu, ruwan ba ya isar biyu. Abin da ke yi muna aiki shi ne gamba. Muna dasa ta a iyakar gona da kuma layi-layi a gicciye inda ruwa ke gudu. Saiwarta na da zurfi, tana ƙetare rani, ruwan farko in ya sauka ita ce ke fara toho lokacin da dabba ba ta da komai. Rairayin da iska ke kwasowa a gindinta yake taruwa, bayan shekara biyu za ka ga wurin ya yi tudu. In ta girma kuma ga zana. Ba a sayen iri, tushe guda ake tsagawa a dasa cikin Agusta. Ni a ganina Abu Hafsat ya sa gamba a gefen gabas ɗin nan da ruwa ke wankewa, kafin ya nemi irin da ke zuwa daga waje.

Malamin Gona (Zariya): Madalla. Wannan ta kawo mu kan inda ya kamata ciyawa mai tsawo ta zauna, wato gefe. Na ga mutane da yawa yanzu suna sayen karan Nafiya, wata doguwar ciyawar kiwo, musamman wadda ake kira Super Napier, wasu har suna dasa ta a tsakiyar masara. Kuskure ne. Tana wuce mita uku, tana shekaru a wuri ɗaya, tana da ci sosai, masara ba za ta iya da ita ba. A Kenya cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE ta fito da wani tsari tun shekarun 1990: a kewaye gonar masara da layukan Nafiya (daga baya aka ƙara da brakiyariya), a tsakanin kunyoyi kuma a shuka wani ɗan wake mai yaɗo da ake kira desmodiyam. Ƙamshinsa yana korar malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar kara, ciyawar gefe tana jawo shi ya je can ya yi ƙwai, saiwar desmodiyam kuma tana hana wuta-wuta kama masara. Na kawo wannan ne don a ga yadda suka raba aiki: dangin wake a ciki, doguwar ciyawa a waje.

Ummu Khalil (Kumbotso): Malam, brakiyariyar nan ta dace da tumaki? Ina son in gwada a bayan gida.

Ɗan Samaru: Hajiya a yi hattara. Akwai nau'inta da ake kira dekumbens, in tumaki suka dogara da ita kaɗai, musamman ƙanana, tana taɓa musu hanta, fuska da kunnuwa su kumbura, fata ta riƙa saɓulewa in sun shiga rana. Shanu manya sun fi jure mata. Ki tambayi sunan nau'in kafin ki saya, kuma kar ta zama ita kaɗai ce abincinsu.

Ɗan Maraɗi: Tunda ana gargaɗi, wanda zai yi sailej da dawa maimakon masara ya kula da gyauro. In an yanke dawa ta sake toho, wannan ɗanyen tohon yana da guba, saniya na iya ci ta faɗi nan take. Kowane makiyayi ya san haka. In akwai ciyawa a ƙarƙashi kuma ana son a saki shanu bayan yanka, to gyauron na nan a ciki.

Baffa Ardo (Ladduga): Gaskiya ne, na rasa karsana a haka.

Alhaji Mai Masara (Saminaka): Na saurara, kuma na yarda gonar sailej ba irin tawa ba ce. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya. Malam ya ce lablab yana ƙara wa ƙasa naitirojin. To in an yanke shi tare da masara an kai rami, me ya rage wa ƙasar?

Malamin Gona (Zariya): Alhaji ka kama ni a inda ya dace. Mafi yawan abin da ya tara yana cikin ganye da reshe, kuma su ne ake kwashewa. Abin da ke saura shi ne saiwa, da ganyen da ya kaɗe, da tohon da zai sake yi in ba a yanke shi ƙasa-ƙasa ba. Wanda ya ce maka lablab zai maye gurbin taki a shekara ɗaya bai faɗi daidai ba. Ribarsa ta farko a bakin saniya take, ta biyu rufin ƙasa a ƙarshen damina, ta uku kuma sai in kashin shanun ya komo gona. Shi ya sa na fara da tambayar taki. Akwai kuma wahalarsa: yana hawa masara yana nannaɗe ta, in an shuka shi rana ɗaya da ita zai iya kayar da ita, kuma wajen yanka igiyoyinsa suna sarƙe injin daddatsawa. Wanda ba ya son wannan sai ya raba su layi-layi, kamar yadda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta yaɗa tsarin layi biyu na hatsi, huɗu na wake. Don sailej sai a juya lissafin masara ta fi yawa, a yanka kowanne daban, a haɗa a bakin rami gwargwadon yadda ake so.

Abu Hafsat (Giwa): Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da na tsayar. Hekta ɗaya ta gefen waya zan raba uku: kashi ɗaya masara zalla kamar kullum don in samu abin kwatance, kashi ɗaya in bi da lablab Rongai bayan sati uku ba atirazin, kashi ɗaya in watsa brakiyariya a kwari bayan noma na biyu. Gefen gabas zan dasa gamba layi biyu a gicciye. Taki kuma daga wannan watan na daina sayarwa, zan fara kai shi da amalanke tun kafin ruwa. Ranar Juma'a zan je wurin mai unguwa a kan maganar shinge. Kowane kashi zan ƙirga lodin da ya fito in rubuta, in Allah ya kai mu Satumba zan sa hotuna a nan.

Alhaji Mai Masara (Saminaka): Ka rubuta har da kuɗin noman hannu na kowane kashi, kar ka bar shi. Shi nake son gani.

Ɗan Samaru: Kuma kafin ka sayi irin brakiyariya da yawa, ɗebi ƙwaya ɗari ka zuba a jiƙaƙƙen buhu a inuwa ka ƙirga nawa suka tsiro cikin sati biyu. Irinta yana yawan ba da kunya in ya daɗe a shago.

Ummu Khalil (Kumbotso): Ina da ragowar irin Rongai wajen tiya uku daga na bara, na adana shi da toka ƙwari ba su taɓa ba. In kana da mai zuwa Kano cikin satin nan ka yi mini magana ta akwatin saƙo, sai a ba shi.